Azurfar jabu a gwanjon intanet: abin da aikin kanti ya koya mini

Aikina shi ne duba azurfa da zinariya a wani ƙaramin kanti da ke unguwar maƙeran kayan ado ta Birmingham, a Ingila. Mutane kan kawo sulalla ko 'yan sanduna, mu auna, mu gwada, in abin ya tabbata mu saya. Abu na farko da aikin nan ya cusa mini a kai shi ne azurfa ba ta da araha. Kowace ranar aiki da ƙarfe 12 na rana ana tsayar da farashinta a Landan, kuma duk mai waya a hannu zai iya dubawa. Wanda yake da oza ɗaya (ma'aunin da ake sayar da azurfa da shi) ta gaske ba ya neman mai saye, ko'ina ya shiga za a ƙirga masa kuɗi a take, kusa da farashin ranar. To me zai sa mai irin wannan kaya ya kai shi intanet ya karyar da shi rabin kuɗi, ya biya shafin kamasho, ya kuma biya kuɗin aikawa daga aljihunsa? A ce an buɗe gwanjo da ƙaramin tayi, wannan ba komai ba ne, masu saye za su yi ta ƙari har ya kai inda ya dace. Abin tsoro shi ne tallar da aka yanke mata farashi ƙasa da kuɗin ƙarfen kansa, kuma mai kayan yana cewa yana da ɗaruruwa a ajiye.

Akwai dalilin da ke tura mutane can, kuma ban ga laifinsu ba. A Ingila ana biyan harajin kashi 20 cikin ɗari a kan sabuwar azurfa, alhali zinariyar ajiya an ɗauke mata shi. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son ya riƙa ajiye oza ɗaya ko biyu duk wata sai ya ga gara ya nemi na hannu a gwanjo. Masu buga jabu sun san da wannan, kuma duk lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabo, kamar 2011 da oza ta kusa dala 50, sababbin masu saye da ba su taɓa riƙe azurfa ba sukan yi yawa.

Da na fara, zatona matsalar duk a ƙarfen take: tagulla ce aka zuba mata ruwan azurfa, aka buga mata tambarin ƙarya. Akwai irin wannan da yawa. Amma abin da ya fi cin mutane shi ne tallar da in ka bi ta kalma bayan kalma ba za ka kama mai ita da ƙarya ba. Za ka ga 'yar sanda mai sheƙi a hoto, an rubuta oza ɗaya da lamba 999, alamar azurfa tsantsa, da manyan baƙaƙe, sannan can ƙasa an saƙala "100 mills" ko "clad". Wato shafe ne kawai a bisa, cikin kuwa tagulla ce ko wani ƙarfe mai arha, azurfar da ke jiki ba ta kai a kankare ta ba. Akwai abin da ake kira azurfar Jamus, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, babu ko ƙwayar zarra ta azurfa a ciki, amma sunan ya daɗe a kasuwa har mai talla yana da abin fakewa. Haka abin da ake sayarwa da sunan azurfar Tibet, galibinsa ba azurfa ba ne.

Wasa da ma'auni ma hanya ce. Ozar azurfa da zinariya giram 31.1 ce, ozar kayan abinci kuwa giram 28.35, sai mai talla ya rubuta oza kawai ya yi shiru. Akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni na Turawa, giren, wanda sai an tara 480 kafin a sami oza ɗaya. A rubuce ya yi kama da giram, bambancin harafi ɗaya ko biyu ne. Na taɓa karɓar irin wannan daga hannun wata dattijuwa: azurfa ce ta gaske, tsantsa, an manna ta a kan kati mai kyau, amma girmanta bai kai farcen jariri ba. A hoton tallar an jawo ta ta cika fuskar waya, ba a ajiye komai kusa da ita da zai nuna girmanta ba. Ba ta da abin da za ta kai ƙara a kansa, don abin da aka rubuta shi aka aiko mata.

Sauran dabarun sanannu ne. Hoton kaya na gaske da aka ɗauko daga shafin gidan buga kuɗi. Asusun da ya tara yabo da sayar da 'yan kayan kwabo da sisi, rana ɗaya ya koma sayar da azurfa. Abokin mai kaya da ke shigowa da wani suna yana ƙara tayi don ya zuga na gaske, abin da eBay, babban shafin gwanjon intanet, ta haramta a ƙa'idojinta. Ita eBay tun 2012 ta hana sayar da kwaikwayon sulalla baki ɗaya, Amurka kuma tun 1973 take da doka da ta wajabta buga kalmar "COPY" a jikin duk wani kwaikwayon sulen tarihi. Dokokin suna nan, amma mai buga jabu ba zai rubuta wa kansa shaida ba, kuma in an rufe asusu ɗaya yau gobe a buɗe wani.

Darasin da ya fi yi mini amfani a wajen gwaji na same shi ne daga maigidana: kada ka yarda da shaida ɗaya. Kowane gwaji yana da ƙarfen da zai ruɗe shi. Ɗauki sulen Amurka mai hoton gaggafa, wanda aka fara bugawa a 1986. Nauyinsa giram 31.1, faɗinsa milimita 40.6, kaurinsa ya ɗan gaza milimita 3. Azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi in girmansu ɗaya, ita 10.49 a ma'aunin nauyin ƙarfe, shi 8.96. Saboda haka mai jabu yana da zaɓi biyu, kuma kowanne zai tona masa asiri. In ya daidaita faɗi da kauri, sulen zai yi rashin nauyi. In ya cika nauyi, dole ya ƙara kauri ya kai wajen milimita 3.5. Wanda ya ɗora a sikeli kawai ya ga 31.1 zai tafi yana murna. Wanda ya haɗa da auna kauri zai kama shi cikin minti ɗaya. Ni yanzu ko kafin in ɗauko ma'auni, ina jera wanda aka kawo gefe da gefe da na gaske a kan tebur, in shafa yatsa a samansu, sai in ji tudun.

Maganaɗisu shi ne gwajin da kowa ya sani, shi ne kuma ya fi yaudarar mutane. Gaskiya ne azurfa ba ta kama shi, kuma in ka karkata sanda ka saki ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a kanta zai gangara a hankali kamar ana riƙe shi. Amma jan ƙarfe ma haka yake yi. Abin da maganaɗisu ke kamawa shi ne jabun da aka yi da baƙin ƙarfe, wato mafi ƙasƙanci. Sauraron amo yana taimakawa: ka ɗora sule a kan yatsa ka ɗan buga shi, na gaske yana da ƙara siririya mai jan lokaci, na jabu sau da yawa sai ya ce ƙwas ya mutu. Sai dai kunne yana buƙatar sabo. Gwajin ruwa ya fi su duka sauƙin dogaro a gida. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifili, ka rataya sulen da zare ka nutsar da shi ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Oza ɗaya ta azurfa tsantsa za ta nuna giram 2.96 ko kusa da haka, jan ƙarfe mai nauyi ɗaya zai nuna wajen 3.47.

Ko na'urar haske mai tsada da ke karanta irin ƙarfe, iyakarta fatar sama, in shafen ya yi kauri za ta ce maka azurfa ce. Shi ya sa muke haɗa ta da wata na'ura mai auna yadda lantarki ke ratsa cikin ƙarfen. In har yanzu akwai shakka a kan babbar sanda, da izinin mai ita sai a sa magagari a gefe. Ba zan manta da yadda jan launi ke ɓullowa a ƙarƙashin farin ba, shafa biyu ko uku kawai.

Gidajen buga kuɗi ma ba su zauna ba. Kanada tun 2014 ta sa siraran layuka da wata ƙaramar alama ta leza a sulenta mai ganye, Ingila kuma ta ƙara wa nata sulen mai suna Britannia alamomin tsaro a 2021. Sun taimaka ƙwarai. Amma masu jabu sai suka fi karkata ga tsofaffi, irin dalar Morgan ta Amurka da aka buga daga 1878 zuwa 1904 da kuma 1921, suna dafar da su su yi baƙi-baƙi kamar sun shekara ɗari a akwati. Har robar da kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC ke rufe sule a ciki ana kwaikwaya, da lambar rajista ta gaske da aka kwafo daga wani sulen.

Abin da ban yi tsammani ba, kuma shi ya fi damuna har yau, shi ne yawancin jabun da ke zuwa teburina ba ɓarayi ke kawo su ba. Mutanen kirki ne da aka cuta, wasu ma gado suka ci. Wani dattijo ɗan ƙasarmu da muke haɗuwa a masallaci ya kawo mini sulalla da ya tara don auren 'yarsa. Da na gama aunawa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, waɗannan ba azurfa ba ce." Ya yi shiru, ya yi salati, sannan ya ce, "To ɗana, in na mayar da su can inda na saya na ce ban gwada ba, ai ban yi ƙarya ba ko?" Na ce, "Baba, yanzu ai ka sani." Ya gyaɗa kai, ya ce in huda su don kada wani ya sake faɗawa. Ta wannan ƙofar jabu ke yawo. Tallar da ke cewa "na gada ne, ban san komai a kai ba, ba a mayarwa" wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma mai ita ya riga ya je kanti irin namu an faɗa masa. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito, na mai tarin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa har Annabi (SAW) ya sa hannu ya taɓo shi, ya isa hukunci a kan wannan. Ɓoye aibi algus ne ko da ba a furta ƙarya ba.

Lamarin bai tsaya a Turai ba. Mutanenmu sun san azurfa tun da daɗewa. Liyari, wato dalar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, maƙeran fari na Agadas da Kano sun narkar da ita sun yi zobba da mundaye. Nauyinta giram 28 da 'yan kai, azurfarta kashi 83 cikin ɗari, kuma ita ma yanzu kwaikwayonta ya cika shafukan gwanjo. Shekarar da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, domin an ci gaba da buga ta da 1780 ɗin nan ƙarni biyu bayan haka. 'Yan'uwa sukan turo mini hoton zobe ko sule daga wata talla su ce in duba musu. Amsata ɗaya ce, ba a cinikin biri a sama, kuma ni ba na iya auna hoto. Lamba 925 da ke cikin zobe, alamar azurfar ado ta gaske, kowa zai iya bugawa da ɗan ƙarfe da guduma. Mai lissafin zakka kuma da ke dogara da nisabin giram 595, ya kamata ya tabbata abin da ya ajiye azurfa ce kafin ya ƙirga ta cikin dukiyarsa.

Ga wanda dole sai ya saya a gwanjo, abin da nake faɗa wa kwastomominmu shi ne ya duba farashin ranar kafin ya yi tayi, ya karanta bayanin har ƙarshe, ya nemi mai kaya ya ɗauki hoton ainihin abin a kan sikeli. Kada ya yarda a ja shi waje da shafin a ce ya tura kuɗi kai tsaye don a rage masa, don da zarar ya yi haka kariyar mayar da kuɗi ta faɗi. Ranar da kayan suka iso, a ranar zai auna, domin wa'adin kai ƙorafi a eBay gajere ne bayan isowa, kuma da yawa daga waɗanda ke zuwa wurinmu sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da buƙata ta taso, suke buɗe ledar.