Wa Ya Yi wa Gonar Kuɗi?

Shekara shida ke nan ina riƙe wa wani dattijon malami takarda da biro duk lokacin da aka kira shi rabon gado, a cikin birnin Zariya ko ƙauyukan kewaye. A zaurensa na karanci ilimin gado, kuma da na fara bin sa na ɗauka aikin duk lissafi ne. Ayoyi uku na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176, sun yanka wa kowa kasonsa. A cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sai a raba saura. Ina tunanin ta ina zalunci zai shigo?

Wani ƙauye a bakin kogin Galma ne ya nuna mini ƙofar. Mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Rabo mai sauƙi: a kasa dukiya 8, matar ta ɗauki tumunin takaba, kowane namiji kaso 2, kowace mace kaso 1. Babban ɗan ya miƙo mini takarda, an riga an yi wa komai kuɗi: gida, gonar fadama, gonar tudu, shanun huɗa. Kafin Malam ya idar da sallar la'asar na gama. Fadama ta faɗa hannun maza, gonar tudu ta zama ta mata, ko sisi bai ɓace ba.

Malam ya duba ya ce, "Ɗana, wa ya yi wa gonakin nan kuɗi?" Na nuna babban ɗan. Ya ce, "Su wa ke wakiltar matan?" Shi ne dai. Sai Malam ya miƙe, ya nemi a yi masa iso cikin gida.

Uwar tana bayan asabari, ba ta fita takaba ba. Ta ce, "Allah gafarta Malam, duk abin da yaran nan suka yi daidai ne." Da ni ne, da nan na rufe takarda. Malam kuwa ya zauna ya karanto kuɗin kowace kadara a hankali. Can sai autar matan ta ce, cikin rawar murya, "Yaya, ka yi haƙuri, amma fadamar nan rake da albasa da tumatir take ba mu har cikin rani. Ta tudu sai damina, kuma ba ta yin masara sai an zuba taki. Ta yaya kuɗinsu ya zo kusan ɗaya?" Washegari aka kira manoma uku da ba su da alaƙa da gidan, suka sake ƙiyasta gonakin. Rabon ya canza ƙwarai.

Lissafina babu kuskure, amma da hannuna na kusa tauye marayu. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Haƙƙin matan nan yana rubuce tun ƙarni goma sha huɗu, sai dai ikon faɗin darajar gona yana hannun mutum guda, kuma shi ke da riba a ciki. Ga kunya da kara, waɗanda muke alfahari da su, sun rufe bakin uwar. Shi ya sa Malam ba ya karɓar "na bar wa yayana" daga bakin mace sai an damƙa mata kasonta tukuna. Idan ya shiga hannunta, ta ba wanda ta so.

Tun daga nan nake kallon rabon arzikin ƙasa da wannan idon. A takarda, Gwamnatin Tarayya na da kashi 52.68 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Amma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don wakilin da ke karɓar musu, wato gwamnatin jiha, shi ma yana da hannu a akushin. Haka nake tuna Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin nan tamu, wadda ta sha duka da ɗauri saboda gwagwarmayarta a jam'iyyar NEPU. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa an ce maza sun wakilce su. Sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa. Abin da ta nema shi ne abin da Malam ya yi ran nan: a shiga har bakin asabari a ji ta bakin mai haƙƙi.

Yanzu a saman kowace takardar rabo nakan fara rubuta sunan wanda ya yi ƙiyasi, da sunayen magadan da suka ji da kunnensu. Wasu gidajen ba sa son haka. A ƙauyen can ma babban ɗan bai raka mu bakin hanya ba, ƙanensa ne ya ɗauko wa Malam buzunsa har inda muka hau mota.