Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har imel ɗinmu ya dawo

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, imel ɗin ofishinmu ya dawo daidai, saƙonnin da suka maƙale a layi duk sun isa. Na rubuto ne don in gode wa waɗanda suka hana idonsu barci saboda mu, in kuma faɗi abin da ya faru, don masu haƙuri sun cancanci bayani.

Farkon godiya ga ma'aikatanmu. Kun yi ta tura saƙo yana ƙin tafiya, masu turo muku kuma sabarmu, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel, tana amsa musu da lamba 451, wato a sake gwadawa an jima. Duk da haka ba wanda ya ɗaga mana murya. Sa'ar da aka yi, kuskuren da ya fara da 4 na wucin gadi ne, sabar mai turowa takan ci gaba da gwadawa, Postfix ɗinmu ma, wato manhajar da ke tafiyar da sabar imel ɗinmu, yana riƙe saƙo har kwana 5 kafin ya mayar wa mai shi. Shi ya sa babu abin da ya salwanta.

Kowa sabar imel ya zarga, don ita ake gani. An duba DNS, tsarin da ke nuna inda saba take a intanet, an duba satifiket ɗin tsaron haɗi na TLS ko wa'adinsa ya ƙare, duk lafiya lau. A kashe a kunna, ta yi sauƙi kaɗan, da safe kuma ta koma gidan jiya.

A nan ne babbar yayarmu a wannan sana'a ta shigo, kuma wallahi ita ta fi kowa cancantar wannan godiya. Ta ce a daina kashewa da kunnawa, a nuna mata tambayar da Postfix ke yi wa kundin sunayen ma'aikata ta LDAP, hanyar da ake bi a tambayi kundin, duk lokacin da saƙo ya iso. Ta kwafi tambayar ta tura da hannunta ta ldapsearch, manhajar bincikar kundin, muna tsaye a bayanta muna kallon allo. Shiru. Amsar ba ta fito ba sai da aka wuce daƙiƙa 10, daidai iyakar jiran da Postfix ke yi kafin ya haƙura. Sai ta buɗe log, wato rubutaccen bayanin ayyuka, na OpenLDAP, manhajar da ke riƙe da kundin, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya da ke ta maimaita kansa: gurbin adireshi na biyu, wanda aka ƙara cikin tambayar kwanan baya, ba shi da fihirisa, wato jerin da ke saurin kai mai nema ga suna. Kenan a kan kowane saƙo sai kundin ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman suna a rajista shafi-shafi. Ga shi kuma Postfix na iya buɗe ƙananan manhajojin karɓar saƙo har 100 a lokaci guda, kowace da nata haɗin zuwa kundin. Ina kundin zai iya? Aka sa fihirisa, aka bi da tambayoyin ta proxymap, wani sashe na Postfix, don su yi tarayya a haɗi kaɗan, amsa ta koma ƙiftawar ido. Yaya, Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Sai ɗan'uwanmu mai kula da netwok, wanda ya gano ciwo na biyu. Katangar tsaron da ke tsakanin sabar imel da ta kundin tana yanke haɗin da ya daɗe ba motsi ba tare da ta sanar da kowane ɓangare ba, sabar imel ta yi ta magana da layin da ya riga ya mutu. Abin da ke jawo tsaikon farkon safiya kenan. Ya daidaita lokutan yanke haɗin, ba tare da ya ce ai wannan ba aikinsa ba ne, abin da a ganina ba kowa ke yi ba. Malam, mun gode ƙwarai.

Ina kuma gode wa shugabanninmu da suka ba mu sarari maimakon matsa mana mu sayi sabuwar na'ura, wadda da ba ta magance komai ba, da matasan sashenmu da suka riƙa amsa waya.

Wanda yake jiran wani saƙo bai gan shi ba har yanzu, ya turo mana adireshin mai aikowa da ranar, za mu bi sawunsa a log.