Yau na kai bakina an haska masa leza

Yau dai na gaji na je. Kwana huɗu kenan da gyambon nan ya sake fitowa, wannan karon ma biyu ne, ɗaya a cikin leɓen ƙasa ɗaya a gefen harshe daidai inda haƙori ke gugarsa, wallahi ko sallama na yi sai na ji shi har tsakar kaina. Ga ni malamar firamare, jiya allo kawai na cika wa yara da rubutu na zauna ina ta nuni da hannu kamar bebiya.

Tun ina sakandare nake fama da abin nan, duk bayan wata biyu ko uku sai ya dawo. Ba abin da ban gwada ba, ruwan gishiri mai ɗumi, zuma, bagaruwa, Bonjela kuwa, maganin nan da ake shafawa a gyambon baki, ban san kwali nawa na ƙarar ba. Umma ta ce zazzaɓi ne ke fita, Goggo ta ce basir ne, ita dama a wajenta ko ciwon ido basir ne.

Wata ƙawata ce ta ce min akwai asibitin haƙori mai zaman kansa da ke yin maganinsa da hasken leza, na ɗauki uzuri bayan tara na hau adaidaita. Likitar mace ce, ta leƙa da ɗan madubinta ta tambaye ni ko yana fitowa a wajen leɓe da ƙuraje masu ruwa, na ce a'a kullum a ciki ne, fari-fari da jan zagaye. Ta ce to Malama wannan ba ya yaɗuwa, ki daina ware kofinki. Kunya ta kama ni, shekara nawa ina hana yarana shan ragowar ruwana! Ta ce ƙanana irin nawa da ba su kai santimita 1 ba suna warkewa da kansu cikin kwana 7 zuwa 14, amma duk gyambon da ya haura sati 3 bai rufe ba to a zo a bincika, ba maganar jira.

Ni da na ji leza na zata ƙona wajen za a yi, har na fara karanto addu'o'i. Ashe mai ƙaramin ƙarfi ce. Ta ba ni baƙin tabarau ita ma ta saka nata, ta ɗauko wani abu kamar biro mai jan haske ta riƙe kusa da gyambon tana ɗan zagayawa, ba allura ba jini, ɗumi-ɗumi kawai na ji. 'Yan mintoci aka gama. Ta miƙo min ruwa na kurɓa ina jiran raɗaɗin nan da na saba, shiru. Gyambon na nan fa, ina jinsa da harshe, amma zafin ya ragu sosai, sai na kama dariya ni kaɗai.

Sai da na gama murna ta ce min leza zafi take ragewa ta kuma taimaka wajen ya rufe da wuri, ba ta hana wani fitowa. Gwiwata ta ɗan yi sanyi gaskiya, don kuɗin da na biya ba kaɗan ba ne, ba abin da zan iya yi duk wata biyu da albashin malami ba. Ta rubuta min gwajin jini a duba ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe na jini, da bitamin B12 da folik asid, ta ce in nemi man goge baki da ba shi da SLS, sinadarin nan mai kawo kumfa, in kuma rage sa damuwa a rai. Da na lissafa kuwa kusan kullum lokacin makin jarabawa yake zuwa.

Da daddare na ci tuwo da miyar kuka, malmala ɗaya da rabi. Na miƙa hannu wajen yaji Abban Hanifa ya janye robar bai ce komai ba. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ɗakin gwajin jini kafin in wuce makaranta.