Laraba a Badarawa: naƙudar fari, daga asuba zuwa bayan isha

Ƙarfe 5:40 na asuba aka kira ni, mai rakiyar naƙuda, daga unguwar Badarawa a Kaduna. Ba mai cikin ce ta yi magana ba, ƙanwarta ce ta lura tun tsakar dare yayarta na tashi tana dafa bango tana cije leɓe, in an tambaye ta ta ce ba komai. Cikin fari ne, ta zo goyon ciki gidan iyayenta, kunyar ɗan fari kuma ta hana ta buɗe baki gaban mahaifiyarta. Wannan kunya tana cinye awanni masu tsada. Shi ya sa tun ciki na wata takwas ya kamata a samu mutum ɗaya a gidan, ƙanwa ko matar wa, wadda mai cikin ba ta jin nauyinta, a bar mata lambar waya.

Da na isa, katin awo na fara dubawa: sati 39, awon hawan jini na ƙarshe 110/70, hoton ciki ya nuna kai a ƙasa, rukunin jininta a rubuce. Sai tambayoyin da ba a tsallakewa. Faya ta fashe? In ta fashe, ruwan fari ne ko kore? Akwai jini? Yaro na motsi kamar yadda ya saba? Akwai ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, ba zama, sai asibiti nan take. Haka ma wadda cikinta bai kai sati 37 ba, da wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Tata duk lafiya lau, sai majina mai ɗan jaja-jaja da ta gani a zani, wannan kuwa alamar bakin mahaifa ya fara laushi ce.

Mai rakiyar naƙuda ba ungozoma ba ce. Ba na sa hannu in auna buɗewa, ba na ba da magani, ba na karɓar haihuwa. Nawa agogo ne da tafin hannu da ido. Ana lissafin ciwo daga farkon wani zuwa farkon na bayansa, hannu a saman ciki, a ji lokacin da ya ɗaure da lokacin da ya saki. Ƙarfe 6:30 yana zuwa duk minti 8 zuwa 10, yana ɗaukar daƙiƙa 30, tana iya amsa magana a tsakiyarsa. Da sauran tafiya. In aka kwashi mai cikin fari a wannan matakin, ko dai a ce ta koma gida, ko ta wuni kwance tana jin ihun wasu, ƙarfinta da zuciyarta su ƙare kafin aikin gaske ya zo. Amma wannan lissafin na wanda asibiti ke kusa da shi ne. Wadda ke can cikin Rigasa ko bayan Maraban Jos, ko wadda ba ta da tabbacin abin hawa da dare, gara ta yi sammako.

Aka dama kunun gyaɗa ta sha rabin kofi, ta ci dabino, ruwa kuma kurɓi-kurɓi bayan kowane ciwo. Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyarta, ta aiko da wani jiƙo a kwanon sha, wai maganin zaƙi ne da maƙwabciya ta bayar. Na fita tsakar gida na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, a yi mata tofi a ruwa mai tsabta, a ci gaba da addu'a, amma wannan a ajiye shi." Ta ce su da shi aka haife su. Na yi mata bayanin da nake ganin ya fi shiga: jini yana isa ga yaro sosai ne a ɗan hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana iya sa mahaifa ta ɗaure ba sassauci, yaro ya galabaita, wani lokaci mahaifar ta fashe. Allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya yi a gida ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Ta yi shiru, ta sa aka mayar da kwanon.

Wajen ƙarfe 9 ciwon ya koma baya, a ƙugu. A nan ne hannu ke aiki. Mai cikin ta durƙusa a kan katifa ta rungume matashi biyu, ni kuma na sa gindin tafin hannuna a kan faffaɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, na danna da nauyin jikina tun daga farkon ciwon har ya wuce. Dannawa ake yi a tsaya cak, ba murzawa ba, don murza tana ƙona fata kuma tana ƙara mata haushi. In wannan ya daina yi, sai a kama ƙugu ta gefe biyu a matse ciki, a ɗan ɗaga sama. Tsakanin ciwo kuma tsumma mai ɗumi a mara, sai ta tashi ta zaga ɗaki. Numfashi ta hanci, fitarwa ta baki a hankali, muƙamuƙi a sake.  Na koya wa ƙanwar dannawar don mu riƙa karɓeɓeniya. Fitsari kuma duk bayan awa biyu ko ba ta ji ba, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan yaro hanya.

Ƙarfe 11 ciwo ya dawo duk minti 4 zuwa 5, yana kai minti guda, ya yi awa ɗaya a haka, kuma ta daina magana in ya zo. Muka tashi. Jakar tun sati 36 take a haɗe: zannuwa shida tsofaffi wankakku, audugar mai jego, ledar shimfiɗa, sabulu, fitila mai caji, fulas na ruwan ɗumi, kayan jariri da hula da safa, da abin da asibitin ya rubuta a saya. Maigidanta ya zo da mota. Aikinsa tun tuni muka raba: kuɗi a hannu ba a asusu kaɗai ba, mai a tanki, waya a buɗe, da 'yan'uwa biyu da suka amince za su ba da jini in an nema.

Ba kowane ɗakin haihuwa ke barin 'yar rakiya ta shiga ba, musamman inda gadaje ke jere labule kawai ya raba su. A tambaya tun ranar awo, kada a bari sai a bakin ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2018 ta ce a bar kowace mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya tsaya tare da ita, kuma bincike ya nuna matan da ba a bari su kaɗai ba naƙudarsu kan fi gajarta, tiyata kuma ta fi ƙaranci a cikinsu. Duk da haka ba da takarda ake shiga ba, da gaisuwa ake shiga. Na ce, "Sista, sannu da aiki, ni ta wajen kanta zan tsaya, abin da kika ce shi za a yi." Ta duba ta: bakin mahaifa ya buɗe santimita 6, bugun zuciyar yaro 140, daidai cikin 110 zuwa 160 da ake so.

Faya ta fashe wajen 2:30, ruwan garau. Daga nan abu ya kankama: amai, rawar jiki, sai ta riƙe ni ta ce, "Anti, mutuwa zan yi, ku kira min Hajiya in nemi gafara." Masu zaman ɗakin haihuwa sun san wannan maganar, galibi tana zuwa ne dab da gama buɗewa. Ba a yi mata tsawa, ba a kuma ce mata ba ciwo. Fuska kusa da tata, gajerun kalmomi: "Dube ni. Fitar da iska. Wannan ya wuce." Ta fara jin yunƙuri alhali saura kaɗan, sista ta ce kada ta yi nishi tukuna, don nishi a kan bakin mahaifar da bai gama buɗewa ba yana iya kumbura shi. Na juya ta gefen hagu, tana huci gajere-gajere har aka ba ta izini. Ba wanda ya danna mata ciki daga sama, kuma bai kamata a bar kowa ya danna ba.

Ƙarfe 4:25 ta sauka. Mace, kilo 3.1, ta canyara kuka tun kafin a gama goge ta. Sista ta tsane ta da zani, ta yar da jiƙaƙƙen, ta kifa ta a ƙirjin uwar fata da fata, aka rufe su da busasshe, na sa mata hula. Aka jira kamar minti biyu kafin a ɗaure cibiya, don jinin da ya rage a mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinta. An yi wa uwar allurar hana zubar jini a cinya nan take, mabiyiya ta faɗo cikin minti goma, ƙarin da ta yi kaɗan ne, aka ɗinke.

Awar farko ita ce aka fi yi wa kutse. Gwaggon miji ta leƙo tana barka, tana neman a miƙo jaririya a wanke ta da man gyaɗa, wai in ba haka ba za ta yi ƙarni har girma. Na ce, "Gwaggo, ke za ki yi mata wankan farko, amma gobe war haka." Farin maiƙon nan yana kare fata, jariri kuma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, balle a hunturun Kaduna da iska ke shigowa ta kowace taga. Awa 24 ake so a jira. In an matsa ƙwarai, kada ya gaza awa 6.

Cikin minti arba'in jaririyar ta fara lasar hannu tana wawurar baki. Kama nono yana da tsari: cikinta manne da cikin uwa, kai da jiki a miƙe layi ɗaya, hanci saitin kan nono, a jira ta wangale baki sannan a matso da ita. In ta kama daidai, haɓa na taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke zagaye da kan nono ya fi fitowa ta sama. In uwa ta ji zafi kamar ana tsunkule ta, a sa ƙaramin yatsa mai tsabta a gefen baki a cire a sake, in ba haka ba kwana biyu kan nono ya tsage. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinta na farko, kuma cikinta a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba, don haka maganar "nono bai zo ba, a ba ta ruwa" ba ta taso ba. Uban ya shigo ya yi mata huɗuba tana ƙirjin uwarta. Ya zo da dabino da zamzam da zuma. Muka tsaya a kan ya wanke hannu ya ɗan shafa dabinon a dasashi, zamzam uwar ta sha, zuma kuwa sai ta shekara.

Duk wannan ana yi ne ido na kan zani. Awa biyun farko duk minti 15 ake taɓa ƙasan cibiyar uwa, a ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri. Sau ɗaya na ji ta yi laushi, na kira sista, ta murza har ta ɗaure, wani gudan jini ya fito, aka sa ta ta yi fitsari. Audugar da ta jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ba abin jira a ga yadda za ta kaya ba ne.

Bayan isha muka zauna da Hajiya a baranda kan zaman jego. Cibiya: man chlorhexidine na kashi 4 cikin ɗari, sau ɗaya a rana da wankakken hannu, ba gashi da tsumma, ba man goge baki, ba toka, ƙunzugu kuma a naɗe shi ƙasa da ita. Kafur a fitar da shi daga akwatin kayan jariri, yana iya tayar da shawara mai tsanani ga wasu yara. A riƙa duba idon jaririyar da fatarta a hasken rana. In ta yi ɗorawa a ranar farko, ko ya kai tafin hannu da ƙafa, ko ta ƙi nono, ko numfashinta ya kai 60 a minti, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, a koma asibiti.

Sai babbar magana, wankan jego da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta shi da kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ɗaga jini, zuciyar da ta sha aikin wata tara kuma ta kasa ɗauka. Na ce a yi wanka da ganyen darbejiya yadda aka saba, amma a sirka har gwiwar hannu ta iya zama a ciki, a bar mata kunun gyaɗa da na tsamiya da farfesu. In ta fara haki in ta kwanta, ko tarin dare, ko ƙafa ta kumbura, ba sanyi ba ne ya shige ta, likita za a kai ta.

Hajiya ta yarda da barin kanwa ba musu. Ruwan wanka ta ce za ta sirka, amma da hannunta za ta gwada ba da nawa ba. Gobe da yamma za a sallame su bayan an yi wa jaririya allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, ni kuma in leƙa su ran Asabar in ga kamun nono da cibiya. Maganar wanzami da cire beli kuwa, na faɗa mata jini da ƙwayar cutar da ke biyo baya, ta ce wannan ba hurumin mata ba ne, sai na zo ran Asabar ɗin na faɗa wa Alhaji da bakina.