Asabar a kantar ƙananan littattafai

Yamai, Asabar. Hunturu ya kankama.

Da hantsi ɗiyar ƙanwata ta iso gida. Bana za ta zauna jarrabawar BAK ta kammala sakandare, amma har yanzu ba ta tsai da abin da za ta karanta a jami'a ba. Yau ta ce likitanci, gobe ta ce aikin lauya, uwarta har ta gaji da tambaya. Na ce ta ɗauko mayafinta mu je ɗakin karatun da nake aron littattafai.

Da na faɗa wa malamin da ke kula da wurin abin da ke tafe da mu, bai nufi manyan kundaye da mu ba. Can kusurwa ya kai mu, gaban wata kanta cike da ƙananan littattafai, kowanne zai shiga aljihun riga. Jerin Que sais-je? ne, wanda madaba'ar Presses universitaires de France ta fara fitarwa a 1941, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu. Tsarinsu ɗaya ne: a ɗauki fanni guda, a ba masaninsa ya rubuta, cikin shafi 128. Sun fitar da dubbai. Jami'ar Oxford ta Ingila ma tana da irinsu da Ingilishi tun 1995.

Ta zaro uku: shari'a, tattalin arziki, da ilimin ruwa. Biyun farko ta ɗan duba ta ajiye. Malamin ya ja mata kunne cewa ta riƙa duba shekarar bugu, domin doka da alƙaluman kuɗi suna canzawa, tsohon bugu yana iya ɓad da mutum. Gaskiyarsa ne.

Na ukun ne ya riƙe ta. Takardunsa sun yi ja, wani ɗalibi ya taɓa ja wa wasu layuka layi da fensir, ita kuma tana bi da yatsa, leɓɓanta na motsi. Can sai ta ɗago: "Kawu, ashe shi ya sa kogi yake cike yanzu alhali rabonmu da ruwan sama tun ƙarshen damina?" Littafin bai ambaci Yamai ba ko sau ɗaya. Bayani kawai ya yi cewa kogi yana tattara ruwan duk ƙasar da ke gangarowa cikinsa, kuma fadama tana riƙe ruwa ta jinkirta shi. Ita ce ta haɗa sauran. Na ƙara mata abin da na sani: cikar kogin Neja da muke gani a Disamba da Janairu ruwan daminar tsaunukan Gine ne, ya bazu a fadamun Mali wajejen Mopti, ya yi watanni kafin ya iso mana. Jar cikar Agusta da Satumba kuwa, irin wadda ta ci unguwanni a 2020, daga rafukan kusa take zuwa, Sirba da Dargol da Gorouol, masu gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso.

Na ji daɗin wannan tambaya har cikin raina. Shafi 128 ba zai mai da kowa masani ba, amma ya isa yarinya ta ɗanɗana fanni kafin ta ba shi shekarunta, tun kafin ta ƙetara gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni.

Abin da ya dame ni a hanyar komowa shi ne dukkansu da Faransanci suke. Maƙwabcina mai noman lambu a bakin kogi ya fi kowa buƙatar wannan bayani, kuma yana karanta Hausa sarai. Muna da malaman da za su iya rubuta irinsu da harshenmu. Akwai abokina da ke koyar da ilimin ƙasa, jibi Litinin zan same shi da maganar.

Mun aro littafin na mako biyu. Ta ce in ta maido shi, na kimiyyar duwatsu za ta ɗauka.