Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Inna da Tulun Iri

A makon jiya na tsaya inda mahaifina ya kama hanyar Abijan cin rani, kamar yadda mazan Adar suka saba da zarar an gama girbi. Ya bar mu a Tawa hannun mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, har surukanta.

Daminar 1984 ba ta yi ba. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Ga shi tun watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsin da ke shigowa ta Ƙonni ya yanke, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran wannan yunwa El-Buhari. Ranar Lahadi in ka shiga kasuwa, sai ka ga dabbobin da makiyaya suka koro daga arewa, ƙashi da fata, ana sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhun gero ba.

Inna ta riga ta ga irin wannan a 1973, lokacin Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ta ci jar dawar taimako har ta gaji. Don haka tun kafin rumbu ya nuna gindi ta karɓe tiya daga hannun mahaifiyata. Ita ke awo, ita ke rabo. Da asuba takan fita daji da matan unguwa su tsinko anza, ta jiƙa, ta yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Wanda bai ci anza ba, kada ya ce mini ya san yunwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tulun da ta liƙe bakinsa da laka ta tura ƙarƙashin gadonta. Irin gero ne a ciki, gauraye da toka don ƙwari. Wani dare ƙanwata ta yi ta kuka, mahaifiyata ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Inna, ko rabin tiya ne, a dama wa yarinyar nan kunu."

Inna ta yi shiru. Can ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƴan kunnen da ta zo da su gidan aure, ta ce, "Gobe ki kai kasuwa. Tulun nan kuwa, sai sama ta zuba."

A lokacin na ɗauke ta mai taurin zuciya, har na daina amsawa in ta tsokane ni da "maigidana", irin wasan kaka da jika. Ta lura, ba ta ce komai ba, sai dai kullum in na gama cin nawa, zan tarar ta turo mini ƙwaryarta, wai ita ta ƙoshi.

Da ruwa ya sauka a 1985, gidaje da yawa sun cinye irinsu, sai ga mata suna sallama ɗaya bayan ɗaya. Inna ta fasa bakin tulun, ta ware na gonarmu, sauran ta riƙa ɗiba da ludayi tana zuba musu a gefen zane, ba ta karɓi ko dala ba.

A wannan daminar ce mahaifina ya dawo, hannu wofi, da tari a ƙirji. Yadda Inna ta tarbi ɗan farinta, wanda ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.