Digiri daban, izinin aiki daban

Ranar da na gama digirina a bayokemistiri, wato kimiyyar sinadaran da ke aiki a jikin halitta, na ɗauka ƙofar ɗakin gwaje-gwajen asibiti a buɗe take. Na sha fama da furotin da enzayim, wa zai hana ni auna sukarin jini? Na kai takarduna, ma'aikaciyar ta juya su, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina rajistarka?" Ko rajistar me take nufi ban sani ba.

Ashe aikin masanin bayokemistiri da na mai gwajin asibiti sana'o'i biyu ne masu kama da juna, kama da wane kuwa ba ta wane. Da sakamakon mai gwajin asibiti likita ke yanke shawarar ƙarin jini ko sauya magani, shi ya sa doka ta killace aikin. A Birtaniya ba ka isa ka amsa sunan wannan sana'a ba sai ka yi rajista da hukumar HCPC mai kula da rajistar ma'aikatan lafiya, bayan karatun da cibiyar IBMS ta masu wannan sana'a ta amince da shi da horo a ɗakin gwaji. Sabon shiga a asibitocin gwamnati na NHS yakan fara a matakin albashi na 5, ya hau na 6 idan ya ƙware a fanni ɗaya, kamar gwajin jini ko na ƙwayoyin cuta. A Amurka, takardar shaidar ƙwarewa ta ƙungiyar ASCP asibitoci da yawa ke nema. Albashin ba na a-zo-a-gani ba ne, ga kwanan aiki, amma kana ganin matakalar da za ka taka.

Ni dai bincike na bi, a nan na sha mamaki. Digirin digirgir yakan ci shekara 3 zuwa 4 a Birtaniya, 5 ko 6 a Amurka, kana lallaɓawa da ɗan alawus. Ka gama, sai kwantiragin shekara 2 ko 3 da ke mutuwa ranar da kuɗin tallafi ya ƙare. Kujerun dindindin a jami'a kaɗan ne, masu jira kuwa ba iyaka. Abokan karatuna da suka shiga kamfanonin magunguna, sashen tabbatar da inganci ko na shirya takardun neman amincewar hukuma, aikin da muke yi wa kallon na masu cike fom, tuni suka bar ni a baya wajen albashi da kwanciyar hankali.

Da ina ce ko rashin ƙwazona ne, sai na karanta labarin manya. Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR, dabarar ninka kwafin ƙwayoyin gado na DNA, a 1983 yana ma'aikacin kamfanin Cetus. Tukwicinsa dala 10,000, daga baya kamfanin ya sayar wa kamfanin magunguna na Roche haƙƙin mallakar a kan dala miliyan 300. Katalin Karikó an rage mata matsayi a Jami'ar Pennsylvania a 1995 don bincikenta kan mRNA, sinadarin da ke kai umarnin haɗa furotin a ƙwayar halitta, ya kasa jawo tallafi. Ta koma kamfanin BioNTech a 2013, a 2023 ta karɓi kyautar Nobel tare da Drew Weissman. Mutane na son wannan labari saboda ƙarshensa. Ni shekarun tsakiyar ne ke tsaya mini a rai.

Yanzu kwantiragina saura wata bakwai. Da rana ina kan gwaji, da dare ina koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da ƙididdiga, don su nake yawan gani a tallan guraben aiki na kamfanoni.